Kuɗin Kwata Ya Koma Kwata

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen watan jiya, ranar tsaftar muhalli, ina tsaye a bakin layinmu a nan cikin garin Bauchi da manjagara a hannuna, aka ci mai shayin unguwarmu tarar naira dubu biyar. Teburinsa na bakin lambatu, lambatun kuwa ya cika taf da leda da gwangwanin madara da ɓawon ƙwai. Ba zan wanke shi ba, ɓawon ƙwan nasa ne, kowa a layin ya sani. Ya yi ta roƙo: "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ko sisi ban yi ciniki ba tukuna." Aka ce ko ya biya ko a ɗora tukunyar shayin a mota. Ya ruga wurin mai kanti ya ranto, ya cika, aka yago masa wata 'yar takarda, mota ta tashi.

Mu kuma muka duƙufa. Muka yashe lambatun, muka tara dagwalon a bakin titi tuli-tuli, muna jiran motar da za ta kwashe. Jiya na bi ta wurin. Sharar tana nan inda muka bar ta. Awaki sun baje rabi, ruwan sama ya mayar da sauran cikin lambatun da muka ciro ta. Mai shayi ya dube ni ya ce, "Malam, ina dubu biyar ɗina? Ko baro ɗaya ba ta kwashe ba."

Na rasa amsa. Sai na kai tambayar wurin wani tsohon abokina da ya daɗe yana aiki a sashen kuɗin shiga na wata ƙaramar hukuma. Ya yi dariya ya ce, "Kai ma dai! Kuɗin gwamnati in ya shiga asusu ai ba shi da suna. Duk inda buƙata ta taso nan za shi." Wannan maganar ce ta hana ni barci, ita ce kuma dalilin sharhin yau.

Kuɗin nan yana da suna. Sunansa kuɗin kwata. A bakin kwata aka karɓe shi, saboda kwata aka karɓe shi, kuma kwata ya kamata ya koma.

Tara daban, haraji daban. Haraji kana biya ne don kana samun kuɗin shiga, ko don kana da rumfa a kasuwa, ko don kana lodi a tasha. Tara kuwa ɓarna ka yi. Mu koma ƙauye, inda abin ya fi fitowa fili. Idan shanu suka shiga gonar mutum suka cinye masa dawa, aka je gaban mai gari aka yanka kuɗin ɓarna, wa ake miƙa wa? Mai gona. Ba a taɓa jin an ce mai gari ya karɓi kuɗin ɓarna ya ɗinka babbar riga ba, sannan ya ce wa manomi ai kuɗi in ya shiga aljihu ba shi da suna. Ranar da ya yi haka, ranar girmansa ya zube. To, a maganar shara, wa aka yi wa ɓarna? Unguwa. Matar da ruwan kwata ke shiga zaurenta duk damina. Yaron da ke tsallake bola a hanyar makaranta. Su ne masu gonar.

Wani zai ce doka ba ta ba da wannan damar ba. Ta bayar, sai dai in ba a karanta ba. Kundin Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da kwashe shara, da kula da magudanan ruwa, da banɗakunan jama'a, da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Wannan aikinta ne tun fil azal, ba alfarma take yi mana ba. Sashe na 120 kuma ya ce duk kuɗin da jiha ta samu ya shiga babban asusu guda ɗaya. A nan masu cewa kuɗi ba shi da suna suke tsayawa su rufe littafi. Su ƙarasa karatun mana! Sashen da kansa ya yi togaciya: ban da kuɗin da wata doka ta Majalisar Dokokin Jiha ta ce a zuba shi a wani asusu da aka kafa don wata manufa ta musamman. Ƙofar ke nan a buɗe hanhai. Majalisarmu za ta iya yin doka ta ce tarar muhalli asusunta daban, aikinta daban. Kansiloli ma suna da ikon yin dokokin ƙaramar hukuma a kan abin da ke hurumin su. Abin da babu shi ne niyya.

Akwai dai ruɗani a tsarin, kuma ruɗanin yana yi wa wasu daɗi. A kan takarda shara aikin ƙaramar hukuma ce. A aikace, a babban birnin jiha akwai hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA, a sama kuma akwai ta tarayya, NESREA, da aka kafa a 2007. Kotun tafi-da-gidanka alƙalinta na jiha ne, don haka tarar da ya yanka kuɗin shigar jiha ce. Ga duba-gari na ƙaramar hukuma, ga shugabannin kasuwa da nasu ɗan tikitin. Talaka bai san wannan rabe-raben ba, kuma ba laifinsa ba ne. Shi dai ya ga riga mai ƙyalli da mota, ya biya. In ya zo neman bahasi, wannan ofis ya ce wancan ne, wancan ya ce ba mu ba ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye. Yadda aka bi da hukuncin, wannan sharhin wata rana ne. Amma ga shugabannin ƙananan hukumominmu 20, daga Toro zuwa Zaki, daga Alƙaleri zuwa Ningi, ina da 'yar tambaya. Kuna neman a sakar muku miliyoyi ku riƙe da kanku. Madalla. To, ku fara nuna mana yadda kuka riƙe dubu biyar ɗin mai shayi.

Ba mu kaɗai ne muka taɓa wannan gardamar ba. A Ingila, ma'aikacin ƙaramar hukuma yana iya rubuta wa mutum tara nan take in ya yar da shara a titi, in ya biya shi ke nan, ba sai an je kotu ba. A watan Yulin 2023 gwamnatinsu ta ɗaga iyakar tarar: mai yar da ƙaramar shara daga fam 150 zuwa fam 500, mai jibge lodin shara a inda bai dace ba daga fam 400 zuwa fam 1,000. Da suka ɗaga kuɗin ba su tsaya nan ba. Daga watan Afrilun 2024 suka ɗaure shi: abin da ƙaramar hukuma ta tara daga irin wannan tarar, a aikin kamun masu laifin da kuma share wurin za ta kashe shi. Ba ta da ikon ta ɗauka ta toshe wani ramin da shi.

Na san abin da za a ce: ai can Turai ne, mu nan Bauchi ne. To, da me suka fi mu a wannan? Na'ura ake buƙata? Tauraron ɗan'adam? Layi biyu ne a cikin doka da littafin lissafi ɗaya. Kuma abin da suka rubuta ɗin, mai garin ƙauyenku ya riga su saninsa tun ranar da ya fara raba manomi da makiyayi.

Yanzu bari mu zauna a kan abin da kuɗin zai yi, don a nan ne maganar take da nauyi.

Duk wanda ya taɓa fita sallar asuba a manyan titunan garin nan ya ga matan da ke shara. Ku dubi hannunsu. Da yawa ba safar hannu, ba takalmin roba, ba abin rufe hanci, sai tsintsiya da ɗan kwali, ga motoci na wucewa a guje cikin duhu. Kuɗin tara ya fara da su. Ku tambayi kowane direban motar shara abin da ke zaunar da shi, zai ce muku mai da taya da batir. Mota guda tana iya kwana wata uku a kan duwatsu saboda abin da bai kai kuɗin cin abincin taro ɗaya ba. Kuɗin tara ya tayar da ita. Unguwa nawa ce ke da wurin zuba shara da hukuma ta keɓe, aka kewaye, ake zuwa kwashewa a kan lokaci? Uwar gida ta tara shara a bokiti, ta ba almajiri naira ɗari ya kai. Ina zai kai? Inda ya ga an saba zubawa: kangon wani, bayan makaranta, ko cikin kwata in dare ya yi. Ka ci mutum tara don ya zuba shara a inda bai dace ba, alhali ba ka nuna masa inda ya dace ba, wannan ai tarko ka ɗana. Kuɗin tara ya gina wurin. Ya sayi baro da shebur da manjagara a ajiye a gidan mai unguwa, matasan da ke aikin gayya su ɗauka su dawo da shi. Ya yashe manyan magudanai a watan Afrilu da Mayu, kafin ruwa ya sauka, ba a watan Agusta ba lokacin da katifun mutane ke yawo a tsakar gida. Ya gyara banɗakin kasuwa da na tasha ya sa ruwa, kafin a kama wanda ya tsuguna a bayan katanga.

Abin da ba zai yi ba kuwa, kowa ya san shi. Ba kuɗin alawus ɗin zama ba ne. Ba na taron bita a otal ba ne, inda za a raba jaka da biro a yi hoto a watse. Ba gudummawar biki ba ne, ba na man motar rakiya ba ne, ba kuma na ƙaton allo mai hoton shugaba yana murmushi a saman bola ba, an rubuta "Tsafta Cikon Addini" a ƙasa. Ina roƙonku, a bar addini ya huta a wannan wurin.

Akwai gaɓa ɗaya da ni ma nake taka-tsantsan da ita, kuma gara in faɗa. Idan aka ce kuɗin tara zai tafi wajen kamun masu laifi, to fa an kusa ba kura ajiyar nama. Ranar da abincin mai kamu ya rataya a kan yawan wanda ya kama, ranar ya daina son gari ya tsabtata. Tsaftar gari ta zama asara a gare shi. Zai bar bola tana girma ya laɓe kusa da ita yana jiran wanda zai zo. A Ingilar ma an yi wannan kuka, inda wasu ƙananan hukumomi suka ba kamfanoni kwangilar kamu ana biyan su gwargwadon yawan tarar da suka rubuta, sai ma'aikatan suka koma farautar masu yar da guntun taba, masu jibge lodi da dare suna shan iska. Don haka ni a ganina, albashin duba-gari da alawus ɗinsa su fito daga kasafin kuɗi, ko ya kama ko bai kama ba. Kada a ba shi kaso. Kada a yanka masa adadin da zai kawo a wata. Kuɗin tara ya saya masa kayan aiki, amma kada ko kwabo ya bi ta aljihunsa. Ko wannan zai toshe kowace ɓaraka? Ina shakka. Amma ya fi abin da muke ciki, inda mai kamu shi ne alƙali, shi ne ma'aji, shi ne kuma mai binciken kansa.

Dattawa suna ba da labarin duba-garin zamanin En'e, wanda zai shiga gida har ɗakin girki ya leƙa randa, in ya ga tsutsa a ruwa sai gaban alƙali. Ana jin tsoronsa. Namu na yau, wasunsu ba a jin tsoronsu, ciniki ake yi da su. Ranar tsaftar nan ta wata-wata ma gadon mulkin soja ce, daga Yaƙi da Rashin Ɗa'a na Buhari da Idiagbon da aka fara a 1984. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan muna hana zirga-zirga da safiyar Asabar, muna kama mutane, muna cin su tara. A cikin shekarun nan duka, wa ya taɓa ganin lissafin a manne a bango? Kai da ke saurare, ka taɓa gani? Ni dai ina jiran wanda zai kira ya ce ya gani.

Sannan wa ake kamawa? Mai shayi, mai tsire, mai tallan lemo, ɗan acaɓan da ya fito kafin ƙarfe goma. Wanda ya rushe gini ya sa tifa ta juye ɓaraguzai a hanyar ruwa da tsakar dare fa? Mai gidan bikin da ake wayar gari titi ya cika da robobin abinci fa? Mai katafaren gidan da ya huda katanga ya sako ruwan wanka kan kwalta fa? Waɗannan waya ɗaya suke bugawa. In da ana buga jerin wanda aka ci tara da laifinsa da adadin kuɗin, da mun ga cewa ragar tamu ƙananan kifi kawai take kamawa. Wataƙila shi ya sa ba a bugawa.

Kada wani ya ɗauka maganar ƙawata gari nake yi. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihar da ta fi kowace yawan waɗanda suka kamu ita ce tamu, Bauchi. Ba daga sama cutar take faɗowa ba. Ƙazanta ce ke haɗuwa da ruwan sha. Ku leƙa lambatun layinku, za ku ga siraran bututun ruwa na roba kwance cikin baƙin dagwalo, wani an ɗaure fashewarsa da tsumma ko robar taya. Idan aka ɗauke ruwa, bututun ya zuƙi abin da ke kewaye da shi. Idan aka kawo, shi ne na farko da zai zubo a bokitinka. Ga zazzaɓin Lassa, wanda kusan kowace shekara Bauchi na sahun gaba tare da Ondo da Edo. Ɓera ne ke kawo shi, ɓera kuma bola ce gidansa, bola ce kasuwarsa. Kowace naira ta tara da aka karkatar zuwa wani wuri, an bar wa ɓera ita ne.

Eh, mu ma muna da namu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne ke shan fiya wata mu wurga ledar ta tagar mota. Mu ne ke jiran hadari ya haɗu mu fito da shara mu juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita, kamar ruwan ba ƙofar gidan wani zai kai ta ba. Ba na cewa a daina tara. A ci tara, a ma ƙara ta ga manyan masu laifi. Amma mutumin da ya ga dubu biyar ɗinsa ta zama baro a layinsu, gobe shi ne zai hana maƙwabcinsa zuba shara. Wanda ya ga ta ɓace kuwa, darasi ɗaya ya koya: lokaci na gaba ya miƙa dubu ɗaya a bayan mota, ba takarda, kowa ya kama gabansa.

Abokin nan nawa na sashen kuɗin shiga ya ƙara min da wata: wai kuɗin ai bai taka kara ya karya ba, bai isa a buɗe masa asusu ba. To, in kaɗan ne, me ya sa ake jin zafin sakin sa? In kuwa da yawa ne, yana ina? Kuma ta yaya aka san kaɗan ne, alhali ba a ƙirga a gaban kowa ba? Mu ƙaddara mutum 100 kacal aka ci tarar dubu biyar-biyar a wata, a gari mai girman Bauchi. Naira 500,000 ke nan. A shekara miliyan 6. Ba zai sayi sabuwar motar shara ba, na yarda. Amma safar hannu nawa ke nan? Baro nawa? Taya nawa?

Abin da nake nema bai da yawa. Kowace tara a ba da rasit mai lamba, mai hatimi, mai sunan ofishin da ya karɓa. A biya ta banki ko ta POS, tunda yau mai rake ma yana karɓar taransifa, kada tsabar kuɗi ta taɓa hannun mai kamu. Kuɗin ya shiga asusun muhalli shi kaɗai, kuma kaso mafi tsoka ya koma mazaɓar da aka karɓe shi. Duk wata uku a manna takarda a sakatariya da ƙofar hakimi da bakin kasuwa, da Hausa, a kawo mana nan mu karanta a iska kyauta: ga abin da aka tara, ga abin da aka yi da shi, ga saura. Babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha ya ba wannan asusun shafinsa daban a rahotonsa.

Kafin su yi, ku ma kuna da abin yi. Kansilanku ba a Abuja yake ba, a masallacinku yake sallah. Ku tare shi bayan an idar, cikin ladabi: "Honarabul, nawa aka tara a mazaɓar nan wannan shekarar, me aka saya?" Ƙungiyoyin matasa da na 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal da Babbar Kasuwa, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar neman bayani. Ku rubuta. In an yi shiru ku kawo mana kwafin, mu karanta ranar da aka kai da sunan ofishin da ya karɓa.

Kafin in baro teburin mai shayi jiya na ce ya nuna min takardar da aka ba shi. Ya buɗe tsohon gwangwanin madara inda yake ajiye canji, ya ciro ta a ninke, duk ta sha mai. Na juya gaba, na juya baya. An rubuta 5,000 da jan biro, an yi wani ɗan zane a ƙasa a matsayin sa hannu. Ba lamba, ba hatimi, ba sunan ofis. Na ce me ya sa yake ajiye da ita? Ya ce, "Asabar ɗin ƙarshen wata ta kusa, Malam. In sun dawo, zan nuna musu ita, in nuna musu sharar, in ce na riga na biya kuɗin wannan."